Akwatin da Ya Yi Shiru a Zaurenmu

Da na ajiye alli na dawo gida bayan ritaya, abin da ya fara ba ni mamaki a Aliero ba yawan gine-gine ba ne, ba kuma baburan da suka cika hanya ba. Hancina ne ya fara lura. Garin ya rage wari. Kada kowa ya ji haushi, ni ɗan garin ne, ina da bakin faɗa. A zamanin ƙuruciyarmu, in ka taso daga Jega a bayan mota, tun kafin ka hango itatuwan gari albasa za ta tare ka, ta shiga rigarka, ta kwana a hularka, ka je makaranta a wani gari a san daga inda ka fito tun ba ka buɗe baki ba. Yanzu ma ana noma ta, har ma fiye da da, amma an koyi killace ta. Rannan wani tsohon ɗalibina ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni wani ɗakin ajiya da suka gina a hanyar Maiyama, rufinsa shimfiɗe da farantan sola, fanka na ta juyawa a ciki. Ya zaro waya daga aljihu ya nuna mini zafin kowane lungu na ɗakin. Na yaba, wallahi har cikin raina na yaba. Amma da na dawo gida sai na kasa cin tuwon kirki, na zauna ina tunanin wani akwatin katako da na taɓa ratayawa a zauren mahaifina.

A wancan lokaci babu ɗakin ajiya, rudu ake yi. Gado ne na itace da kara, a ɗaga shi daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, a zuba albasa, a kewaye da zana, a ɗora masa hular ciyawa. Namu uku ne. Manya biyu suna bayan katangar gida, su ne cinmu da suturarmu na shekara. Ƙaramin yana tsakar gida kusa da ɗakin Inna, a nan ake ajiye albasar iri, wadda za a sake dasawa ta yi fure a sami abin shukawa baɗi. Da bazara ake cire albasa, lokacin da kowa yake da ita, ko kyauta ka ba mutum sai ya duba nisan gidansa. Dole a riƙe ta har damina ta yi nisa, sannan manyan motoci su zo daga kudu suna nema. Riƙon nan kuwa shi ne aikin. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar busasshen ɓawo a ƙarƙashin ƙafa, da kukan jakunan maƙwabta, da luguden Inna, da tarin da Baba yake yi sau biyu kafin ya fita bayan katanga. Kullum in an dawo daga sallar asuba sai ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya hau, ya cusa hannunsa na dama cikin tsakiyar tulin, ya yi tsit kamar mai sauraron wani abu. Ya sha gaya mana cewa albasa ba ta ruɓewa daga sama inda ido ke gani, daga ciki take farawa, kuma zazzaɓi take fara yi kamar mutum. In ya ji ɗumi, to ranar babu wasa babu kiwo, sai a sauke ta duka a kan tabarmi a tsince masu laushi ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sani na ƙi jinin aikin nan. Idanu su yi ta zuba, hannu ya kwana uku yana wari. In zan faɗi gaskiya, gudun tsintar albasa yana cikin abin da ya sa na riƙe boko da hannu biyu.

Ni ne auta a gidan. Yayana direban babbar mota ne a tashar Jega, in ya yi kudu da kaya sai ya yi makonni ba a gan shi ba. Ni kuwa karatu ya yi ta jana har jami'a, na karanta aikin injiniya, na faɗa ɓangaren kwamfuta tun ana ƙirga masu yin sa da yatsu, da na gama kuma aka riƙe ni a matsayin ƙaramin malami. Yaran yanzu ba za su gane ba. Kwamfuta guda ce a duk jami'ar, ta cika ɗaki, sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga wurinta. Kana huda katuna ka miƙa ta taga, ka dawo gobe a gaya maka ka yi kuskure a kati na bakwai. Yau jikata 'yar shekara biyar tana kwance a kan tabarma tana latsa abin da ya fi waccan ƙarfi, tana kuka wai ya cika nawa. A gida kuwa babu wanda ya san mene ne aikina. In mata suka tambayi Inna, sai ta ce, "Auta? Gyaran rediyo shi kai, amma na gwamnati." Na yi bayani har na gaji na bar mata.

Shekarar da nake son ba da labarinta, Baba ya faɗo daga kan jaki yana dawowa daga Gehuru, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Ɗori dai a garinmu ba abin nema ba ne. Mai ɗori ya ja ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure, ya ce watanni kada ya ɗaga ko buta da shi, kada kuma a gan shi yana hawa wani abu. Na zo ɗan gajeren hutu na iske an gama zuba albasa a rudu, ga Baba zaune a zaure da hannu rataye a wuya, yana kallon katanga kamar an ɗaure shi da ita. Da yamma muna zaune a tsakar gida Inna ta kawo shawara.

"Malam, tunda hannun ga ya ƙi, bari in aika Sarandosa ɗiyan ƙanena su riƙa zakkuwa duk mako suna juya muna ita."

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma, ƙaramin malamin jami'a, da biro uku a aljihu. Na ce, "Haba Inna, a taso mutane tun daga Sarandosa da damina, su bar gonakinsu, ga ni da raina? Ku ba ni kwana ukku."

Na yi musu bayani: zan sa wani ɗan abu mai jin zafi a tsakiyar kowane rudu, in ja waya har zaure, in haɗa da akwati mai ƙararrawa. Da zarar albasa ta fara ɗumi, ƙararrawa za ta tashi gida duka. Baba ya dube ni ya ce, "Auta, abin ga da ka ka hwaɗi, shina jin zahi awa hannu?"

"Ya hi hannu, Baba. Mai hannu na barci, shi ko ba shi barci."

"To. Don irin wanga munka kai ka boko. Yi."

Inna ta kwashe kwanuka ta shiga ɗaki.

Na je Jega wurin wani mai gyaran rediyo na tsinto abin da na tsinta, na karɓi tsohon batirin mota a wurin abokan Yaya, kafinta ya buga mini akwati. Kwana uku ina narka dalma a kan garwashi a zaure. Wayar da na samu ta isa manyan rudu biyu kawai, ƙaramin na tsakar gida na ce a bar wa Inna ta ci gaba da lalube shi, tunda ga shi a bakin ƙofarta. Ranar gwaji, kai, sai ka ce ana suna a gidan. Maƙwabta suka cika zaure. Na tsoma ɗan abin a ruwan ɗumi, ƙararrawa ta ɗauka, kaji suka watse, mutane suka yi ta salati. Wani tsohon mahauci maƙwabcinmu, wanda duk unguwa ke kira Kawu, ya sa aka maimaita har sau uku, yana dafa kafaɗata yana cewa, "Malam, ɗan ga naka ya gama da ruɓa a garin ga." Na ga fuskar Baba ranar, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi a cikin gemu. Na cusa abubuwan a tsakiyar albasa, na bi da waya ta gindin katanga na rufe da ƙasa don kada yara su yi tuntuɓe, na bar wa Yaya saƙon ya riƙa canza batir in ya zo. Na koma jami'a ina jin babu kamata.

Sai da damina ta zauna sosai na dawo babban hutu. Ina shiga zaure idona ya fara zuwa kan akwatin, yana nan rataye, har an yafa masa ƙyalle don ƙura. Bayan gaisuwa Baba ya nuna shi da haɓa ya ce, "Akwatinka ko tari bai yi ba tun da kat tahi. Bana Allah ya ba mu sa'a." Na ji daɗi har kunnuwana. Da na shiga ciki gaida Inna, ta amsa, ta tambayi hanya, sannan ta rage murya.

"Ni dai ƙudajen ga na bayan katanga ba su yi mani ba. Sau biyu ina hwaɗa ma Malam, sai shi ce akwatin Auta bai yi magana ba."

Dariya na yi. Allah ya yafe mini, dariya na yi wa mahaifiyata. Na ce damina ce, ina ne babu ƙuda? Na ce ta zo ta gani da idonta don hankalinta ya kwanta. Muka zagaya mu uku, Baba na biye da hannunsa a ɗaure. Warin albasa a lokacin ya game gari, ba ka bambanta na gidanku da na maƙwabta. Na hau rudu na farko, na ɗaga ciyawa, ga albasa jawur, busasshiya, tana ƙyalli. Na ce, "Kin gani?" Na naɗe hannun riga yadda Baba yake yi, ina yi ina wasa, na cusa. Zuwa wuyan hannu lafiya lau. Zuwa gwiwar hannu na ji ɗumi. Da na ƙara turawa sai yatsuna suka nutse cikin wani abu mai zafi da santsi kamar kunun da ya kwana. Na zaro hannun baƙi ƙirin yana ɗiga, wani wari ya biyo shi wanda ban taɓa jin irinsa ba. Rudu na biyun ma haka. Baba ya yi salati a hankali, ya maimaita, sannan ya ce a kira mutane.

Kafin a taru na bi wayar ina tonawa da hannu kamar mahaukaci. A gindin katanga na iske ta, ɓera ya yi rami ya datse duka biyun, bakin wayar har ya yi tsatsa, alamar an daɗe. Batir lafiyarsa lau, Yaya bai yi sakaci ba. Akwatin ma lafiyarsa lau. Ni ne na ƙera shi yadda in waya ta tsinke ba ya jin komai, in bai ji komai ba kuma sai ya ɗauka sanyi ne. Na zauna a cikin laka da guntun waya a hannu, na gane cewa tun makonni abin ya kurumce, iyayena kuwa suna wucewa ta gabansa safe da yamma suna gode wa Allah.

Kwana huɗu ana tsinta. Maƙwabta suka zo, 'ya'yan ƙanen Inna da na hana a kira suka zo daga Sarandosa da ƙafa, babu wanda ya ce mini ka gani. Abin da aka fitar mai kyau bai cika rabin rudu guda ba, shi ma dole aka kai kasuwa nan da nan kafin ya bi sahu. Sauran aka yi ta kwasa a kan jakuna ana kaiwa bayan gari. A wurin mai shayi samari suka sa wa akwatin suna Bebe, in na wuce sai in ji, "Injiniya, ina kwanan Bebe?" Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani a gida. Aka sayar da tumakin Inna biyu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana sai fura mai ruwa-ruwa. Inna ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga mini murya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Za ta ajiye mini abinci ta juya. Matar da in na zo hutu take zaunar da ni ta yi ta tambayata har abin da nake ci a makaranta, ta daina tambayata komai. Na san abin da na ɓata ya wuce albasa. Mutanen nan sun ajiye abin da suka sani tun kakanni saboda na ce su yarda da ni, abin da na ƙera kuma ya yaudare su.

Na yanke shawara ni kaɗai. Akwai takardar ƙarin karatu da aka ba ni a jami'a, ana jirana in dawo in fara. Na zauna na rubuta wa shugaban sashenmu cewa na bar aiki. Bayan la'asar na sami Baba a zaure na durƙusa na ce, "Baba, ni na aje boko. Ga takarda na rubuta. Zama za ni yi in kama noma, in yi ta juya albasa da hannuna har in mutu. Wanda bai iya tsare rudu biyu ba, mi za shi koya ma ɗiyan mutane?" Ya saurare ni har na gama, ya gyara hannunsa a cikin ƙyallen da ke wuyansa, ya ce, "Allah shi kai mu gobe."

Washegari muka yi asuba a masallacin unguwa. Akwai wata al'ada da na taso ina gani ban taɓa ba ta muhimmanci ba. In liman ya sallame aka gama addu'a, dattawa ba sa tashi sai sun bi sahu da ido. Kowa da wurinsa, shekara da shekaru. Ranar sai na ga kawuna suna juyawa wajen ginshiƙin hagu, inda Kawu mahauci yake tsayawa. Babu shi. Babu wanda ya yi wata doguwar magana, Baba dai ya taɓa ni ya ce, "Tashi mu tahi." Mu da wani dattijo muka nufi gidan. Kawu a shagon ƙofar gida yake kwana shi kaɗai. Muka yi sallama shiru, muka tura ƙofa, ga shi a ƙasa kusa da buta, zazzaɓi ya kayar da shi tun yana shirin alwala, ko muryar kira ba shi da ita. Iyalinsa na ciki suna hura wuta, su a zatonsu yana masallaci kamar kullum. Aka ɗaga shi, aka shafa masa ruwa, aka aika neman mai allura. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya ƙara shekaru yana tsokanata.

Muna dawowa gari ya waye, mata sun fara shara, Baba ya tsaya a lungun bayan masallaci.

"Auta, Kawu ya aiko muna da cewa ba shi da lahiya?"

"A'a, Baba."

"Ya yi kuwwa munka jiya?"

"A'a."

"To ƙaƙa munka sani?"

Na ce, "Ba mu gan shi cikin sahu ba."

"Madalla. Kullum shina zuwa, shi as sa ran da bai zo ba munka tashi. Kai ko ka ce ma akwatinka shi yi kuka in albasa ta yi ciwo. In shi yay yi ciwon hwa? Wa ka hwaɗa muna?" Ya dube ni, har da ɗan murmushi. "Akwatin ga naka ba shi zuwa masallaci, shi na laihinai. Koya mashi zuwa."

Ya yi gaba taku biyu, ya waiwayo ya ce, "Takardar ga kuma ka yage ta. Rudu biyu wanga karatu yac ci muna. In ka aje shi yanzu, sun tahi banza ke nan."

Daga wannan tambaya ta lungun masallaci na ci abinci duk tsawon aikina. Daga baya na iske ta a manyan littattafai da sunaye masu tsawo, na ga ashe masana a wasu ƙasashe sun daɗe suna fama da ita, amma ni a bakin mutumin da bai taɓa riƙe biro ba na fara jin ta. A kanta na yi digirin da ya biyo baya da wanda ya bi shi, a kanta na yi rubuce-rubucen da suka kai ni kujerar farfesa: yadda za a ƙera na'ura ta riƙa shaida cewa tana raye, yadda in wani sashe ya mutu wani zai lura ya karɓi aikin, yadda in za ta faɗi za ta faɗi ta gefen da ba za ta cuci mai ita ba. Na sa hannu a na'urorin asibiti da na tashoshin ruwa, wuraren da in abu ya mutu a ɓoye ba albasa za a rasa ba. Ɗalibaina sun sha wuya a hannuna, na sani, kuma ban ba su haƙuri ba. Yaro zai kawo aikinsa na ƙarshe yana walƙiya, ya danna nan ya danna can, komai na tafiya. Sai in miƙa hannu in fizge waya guda in ce, "To, ga shi ya mutu. Wa ya sani?" Wasu sun yi kuka, wasu sun yi mini suna a ɓoye, amma yau in muka haɗu su ne masu rige-rigen ɗaukar mini jaka. Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, abin da na kwana uku ina narka wa dalma suna saye a kasuwa bai kai farce ba, kuma ina taya su murna. Tsorona ɗaya, sun cika yarda da abin da allo ya nuna musu. A masallacin ma na lura an rage bin sahu da ido, kowa na sauri, in an tuna da mutum sai a ce za a buga masa waya. Ni dai na gode wa Allah da ya sa na yi kuskurena da wuri, a gaban mutanen da suka iya ɗaukarsa. Na gode wa Baba, na gode wa Inna, Allah ya jiƙansu ya haskaka makwancinsu. Ɓeran nan ma na daɗe da yafe masa.

Amma a ranar ban san da wannan duka ba. Abin da na sani kawai shi ne sauran mako biyu hutu ya ƙare, kuma ina son in ƙera abin da ba zai sake yi wa iyayena ƙarya ba. Na koma Jega wurin mai rediyo, na kwance akwatin na juya tunaninsa. Yanzu duk bayan ɗan lokaci sai ya duba kansa: waya na nan, batir na da rai, albasa na da sanyi? In duka lafiya, sai ya yi ɗan ƙara guda, ƙit, kamar gyare. In zafi ya tashi, ƙararrawa. In kuwa wani abu ya same shi, ko mene ne, ƙit ɗin sai ya tsaya. Na gwada a gaban Baba shi kaɗai, ban kira kowa ba. Na yanke waya da wuƙa, ya yi shiru. Na cire batir, ya yi shiru. Baba ya gyaɗa kai ya ce a kai shi ƙaramin rudu.

Inna na tsaye a bakin ɗakinta. Ta ce, "Malam, irin ma? Shi kaɗai yar rage muna."

"Ki ci gaba da sa hannunki yadda kin saba. Shi ko shi sa wayatai tsakiya, inda hannunki bai kai."

Sai ta juyo gare ni, karo na farko a makonni ta dube ni ido cikin ido. "Ban hana ka ba, Auta. Amma abin ga sa mutum sakaci shi kai, na gani da idona. In wagga ta tahi, baɗi ba mu da abin shukawa. Kai ka sani."

Na ce na sani. Na zura wayar cikin bututun ƙarfe saboda ɓera, na rataye akwatin a ƙarƙashin rumfar da take daka. Kwanakin da suka rage ta yi ta mita, wai an kawo mata gyare gida ya hana ta jin kiran salla. Ranar da zan tafi ta yi mini addu'ar hanya gajeriya, ta koma bakin turminta.

Na koma jami'a, na yage takardar barin aikin, na fara karatun. Babu wayar tarho a lokacin, wasiƙa kuma wa zai rubuta? Ina koyarwa ina karatu, amma rabin hankalina na ƙarƙashin rumfar nan. Mako shida ko bakwai babu labari. Wata rana da azahar na fito daga aji da alli a hannu, ɗalibai na biye da ni, sai na hango Yaya tsaye a gindin wata bishiya, ya ajiye babbar motarsa a bakin titi. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Gabana ya faɗi. Shi kuwa, mugun, ya tsaya gaisuwa a tsanake, ya aiki, ya ɗalibai, ya zafin garin nan, sai da na ce, "Yaya, don Allah, mi ya hwaru?"

"Inna ta aiko ni. Ta ce in hwaɗa maka akwatinka ya mutu ran Talata da hantsi."

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba.

"Tana cikin daka, sai ta aje taɓarya tac ce kowa shi yi shiru. Tac ce, 'Abin ga ya bar kuka.' Ko mayahi ba ta ɗauka ba ta nuhi zaure kiran Baba. Anka duba, ashe akuya ta tauna waya nan bakin batir. Anka sauke albasa duka don a tabbata, ko guda ba ta taɓu ba."

Na zauna a kan matakalar motar, a gaban ɗalibaina, hawaye na zuba ban ko share ba. Yaya ya dube ni ya dube su, kunya ta kama shi. Ya ce, "Kai, mi na na kuka? Tashi mutane na kallo. Ban ma gama ba. Ta ce in ka samu hutu ka zaka ka gyara mata shi. Kuma ka yo wasu biyu, na manyan rudu, tun ba a cire ta baɗi ba."